Ɗaki Mai Taya a Gidan Inna Kulu

Zuwa ga Inna Kulu ta Kebbe, mai masaukina, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ɗiya take yi wa uwa a durƙushe, ko da yake kin san durƙuso bai taɓa zama ɗabi'ata ba, ke ma kuwa ba ki taɓa nemansa a wurina ba. Ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji da rahamarsa. Ni ina nan Tambuwal. Tsufa ya kama gwiwoyi, ya rage hasken ido, amma bai taɓa hankali ba, kuma da hannuna nake rubuta miki wannan, ba da hannun kowa ba.

Na bar wasiƙar a buɗe da gangan. Akwai 'yan mata a yau da suke ganin mace a kan sitiyari kamar haka aka halicci duniya. Ina so su karanta ta bayan kafaɗata, su san sunanki.

Akwai abubuwan da ban taɓa ba ki labarinsu ba, domin ba ki taɓa tambaya ba. Kin ga mota da ɗaki a bayanta, kin karɓe su kamar yadda ake karɓar baƙo da jakarsa. Bari yau in faɗa miki inda suka fito.

A shekarun farko na mulkin kai, ni malamar ajin manya ce ta mata. Aikina rangadi: in je gari in zauna, in koya wa matan aure karatu da rubutu da kula da jarirai, sannan in wuce gaba. Na yi Jabo, na yi Sanyinna, na yi ƙauyukan da ke tsakani. Ko'ina na je akan sauke ni gidan mai gari ko gidan wani babba, a fitar da wata baiwar Allah daga ɗakinta a sa ni, a yanka kazar da gidan ba shi da halin yankawa. Mutanen kirki ne, ba na musu. Amma ni bazawara ce a lokacin, mai ƙuruciya, kuma kowane masauki sai ya ƙare da wani dattijo yana aiko tambaya ko na gama tunanin zaman kaɗaici. Abin da ya fi wannan ci mini rai shi ne, idan na ga abin gyara a gidan da nake cin tuwonsa, sai harshena ya yi nauyi. Na ƙi jinin wannan nauyin.

Sai ofishin da ke kula da mu ya ce aikin rangadin mata ba ya biyan wahalarsa. Suka ba ni rani ɗaya, suka zaɓa mini Kebbe, inda ba a taɓa buɗe aji ba. Idan matan Kebbe suka zo, a ci gaba. Idan ba su zo ba, a rufe aikin gaba ɗaya, a ba ni kujera in riƙa jera takardun wasu har in tsufa. Na ce na ji, na kuma ƙudurta cewa wannan karon ba zan kwana ɗakin kowa ba.

Motar ta marigayi maigidana ce, malamin dabbobi, Allah Ya jiƙansa. A-kori-kura ce mai buɗaɗɗen baya, wadda yake zuba magungunan shanu a ciki. Shi ya koya mini tuƙi a hanyoyin daji inda babu mai ganinmu, yana dariya idan na kashe inji. Da aka zo rabon gado, dangi suka so a sayar da ita. Na ce a lissafa ta cikin rabona da na 'ya'yana, a bar mini ita a ƙofar gida.

Ɗakin kuwa a Sakkwato na same shi. Turawa suna ta haɗa kaya suna komawa ƙasarsu, ana gwanjon abin da ba za su iya ɗauka ba. Wani Baturen haƙar rijiyoyi yana da tirela biyu irin wadda ake kwana a ciki. Ɗaya babba ce, fara tas, da gado biyu da labule da wurin wanke hannu, amma cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ɗayar ƙarama ce, gefenta a lotse, gado ɗaya da teburi mai naɗewa, sai dai tayoyinta dogaye ne. Duk mazan da ke tsaye a wurin babbar suke nuna mini, har da mai cewa ita ta dace da darajar malama. Na shimfiɗa gyalena a ƙasa, na duƙa na leƙa ƙarƙashin kowace, na duba sifirin da ƙarfen da ke riƙe tayoyi. Maganar maigidana ce take yi mini yawo a kunne: «Kada ki dubi abin da mota za ta iya ja, dubi abin da za ta iya tsayarwa.» Na tuna yashin hanyar Kebbe, na ɗauki ƙaramar.

Yayana ya ce zai biya, da sharaɗin ya haɗa ni da mai rakiya daga gidansa. Ofis ya ce zai ba ni rance, da sharaɗin a buga tambarinsu a jikinta, su karɓe ta duk ranar da suka ga dama. Na gode wa kowa, na ƙi. Na sayar da shanuna da ke wurin Fulani, na sayar da tasoshin jerena waɗanda mahaifiyata ta tara mini tun ina yarinya, na roƙi malamai mata 'yan'uwana su ba ni kwasar farko ta adashinmu. Ranar da aka fitar da tasoshin nan daga ɗakina na juya baya, ban kalla ba. Ke nan kin ga, Inna, abin da na ja zuwa garinku ba tirela kaɗai ba ce. Duk abin da na mallaka ne, a kan taya biyu.

Wani maƙeri a Tambuwal ya ƙera mini ƙugiya a bayan motar, ya ƙara sarƙa saboda tsaro. Na yi gwajin farko zuwa Jabo, na jibge littattafai da allo a can ƙarshen ɗakin, sai ga shi yana kaɗa wutsiya a bayana har motar tana neman barin hanya. A nan na koyi cewa kaya masu nauyi gaba ake sa su, kusa da ƙugiya. Ja da baya kuwa a filin Idi na koye shi, da sassafe. Idan ina son ɗakin ya yi dama sai in karya sitiyari hagu, hankali yana cewa a'a, hannu yana cewa i. Na taka ƙaya, na ture tulun wani mai shayi na biya shi, maza sun zauna a kan katanga sun yi dariya har sun gaji. Ban daina ba sai da na iya ajiye tayar ɗakin a kan duk dutsen da na zaɓa.

Hanyarku ta gwada ni. Inda yashi ya yi zurfi na rage iskar taya, na shimfiɗa zana a ƙarƙashi, manoma suka tura ni na raba musu goro. Na shigo Kebbe da la'asar, lagireto yana tafasa, ni ma haka.

Na je na gaida manyan gari kamar yadda ya kamata, aka ce an shirya mini masauki, na ce na gode, na zo da nawa. Na zaɓi wata babbar tsamiya a bayan gari saboda inuwarta, na kwance ɗakin, na kafa masa duwatsu, na jingina allo a jikin itacen. Da akussa suka fara zuwa daga gidaje, na mayar da su da godiya da ladabi, na ce ina da risho da tukunya, kada kowa ya wahala saboda ni. A ganina na sauƙaƙa wa gari.

Babu macen da ta zo. Kowace safiya nakan share gindin tsamiyar, in shimfiɗa tabarmi, in rubuta baƙaƙe a allo, in zauna a matakin ɗakina da littafi a hannu kamar ina karantawa. Awaki ne suke zuwa, sai yara da ke tsayawa daga nesa su gudu idan na ɗaga kai. Akussan ma suka daina zuwa. Rani yana tafiya, ni kuma ina kallon kujerar nan ta ofis tana matsowa.

Sai ga ki, da hantsi, da sandarki da ƙwaryar daddawa a ka, kina dawowa daga kasuwa. Ban san ki ba. Tsohuwa ce dai gajeriya, mai kaifin ido, wadda shekaru suka ba ta izinin zuwa inda ta so. Ba ki yi mini sallama ba sai da kika zagaya ɗakin, kika ƙwanƙwasa jikinsa da sanda, kika leƙa ƙarƙashinsa. Sannan kika dube ni kika ce: «Ke 'yar Tambuwal, wagga tsamiya ita ta mai masaukinki?»

Na ba ki amsa irin ta masu ilimi, mai tsawo. Kika bar ni na gama, kika sauke ƙwarya, kika zauna a tabarmar da na shimfiɗa wa ɗalibai. Ke ce mace ta farko da ta zauna a kanta.

Maganarki tana nan a kaina kamar yau aka yi ta. «Mace in za ta fita, sai ta ce ma mijinta, za ni gidan wane. To naki su ce mi? Za ni gindin tsamiya? Tsamiyar da ko ɗiyanmu ba mu bari su zamna ƙarƙashinta da rana tsaka? Kin maido tuwon mutane, kin zamna inda aljannu ka zama, kuma kina jiran mata. Wallahi wasu cewa sukai ke ma ba mutum ta ba.»

Na yi dariya, ita ce ta farko tun zuwana. Amma ban sauko ba. Na faɗa miki dalilina duka: matar da ake fitarwa daga ɗakinta saboda ni, kazar da ake yankawa, dattawan da ke aiko tambaya, da harshen da ke yin nauyi. Na ce ba zan sake kwana ɗakin kowa ba ko da aikin zai rushe. Na zaci za ki ce ina da girman kai, kamar yadda kowa yake faɗa. Sai kika kalli tayoyin, kika ce: «Wa yac ce ki kwana ɗakina? Ɗakina ko ni bai ishe ni ba. Ɗakinki nika gayyata. In kin so, ki biyo shi.»

Ɗanki Malam Sahabi, mai gidan, mai almajiran ilimi a zaurensa, bai ji daɗin shawarar ba. Ya ce ƙofar zaure ba ta cin ko jaki da kaya, balle wannan abu. Kika ce ba ta zaure za a bi ba, darnin baya za a ɗebe. Ya ce ba a taɓa yin haka ba. Kika ce masa: «Ni nik kafa darnin ga tun ba ka san alif ba, ni ka ɗebe shi.» Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Daga baya ya faɗa mini da bakinsa cewa ya duba, bai ga inda aka hana baƙo zuwa da ɗakinsa ba, hakkin baƙunta kuwa yana nan ko da wane irin ɗaki aka zo.

Washegari aka tuge dirkoki, aka naɗe darnin kara gefe guda. Sai matsalar ta bayyana. Hanyar da aka buɗe ta bi ne tsakanin rumbunki na gero da bakin rijiya, faɗinta kaɗan ya ɗara na ɗakin. Ba zan iya shiga da gaba ba, domin motar za ta maƙale a cikin gida. Dole da baya. Rabin Kebbe ya taru. Wasu maza suka ce in kwance ƙugiya su tura shi da hannu, aikin ba na mace ba ne. Ƙasar wurin gangare ce zuwa rijiya, na san idan ya ƙwace musu babu mai tare shi. Ko da ma ba gangare, Inna, kin san amsar da zan ba su.

Abin da kika yi shi ne ban taɓa mantawa ba. Kika je kika jingina bayanki da rumbun, abincin gidanku na shekara, kika dogara sanda, kika ɗaga murya yadda kowa zai ji: «Ga ni nan tsaye. In kina gani na cikin madubinki, gero na lafiya. Taho, ɗiyata.»

Ba ki taɓa kira na haka ba sai ranar. Na sa motar a giyar baya. Na fara ja, ɗakin ya karkata wajen rijiya, aka yi ihu, na taka birki na fito. Wani ya ce ai dama an faɗa. Na goge tafin hannuna a zane, na daina jin kowa, na daina ganin kowa sai wata gajeriyar tsohuwa a cikin madubi, ba ta motsa ba, ba ta ko ƙifta ido ba. Na saki kuloci a hankali, ina karya sitiyari kaɗan kaɗan, ina riƙe da ke a gefen madubin kamar ke ce alƙibla. Gefen ɗakin ya wuce ki har ya shafi bakin zanenki. Da na ji tayoyin sun hau ƙasa mai tauri ta tsakar gida, na kashe inji. Sai guɗa ta tashi daga cikin ɗakuna, daga matan da ban taɓa ganin fuskarsu ba, waɗanda ashe ta ramukan zana suke kallo.

Aka kwance ƙugiya, na fitar da motar waje, aka mayar da darni aka ɗaure. Ɗakina ya zama ɗaya daga cikin ɗakunan gidanki, da makullinsa a ƙuguna.

Mun yi ciniki, ni da ke, kamar 'yan kasuwa biyu da babu mai son a ce an fi shi. Kika ce tuwon gidanki dole ne, sau ɗaya a yini, kuma akushi ba ya komawa da abu a ciki. Na yarda, da sharaɗin ke ma ki sha shayin rishona kowace safiya. Kika sha, kina ƙorafin ruwan zafi ne kawai da aka ɓata wa suna, kina miƙo kofi a ƙara. Ranar da na ga rijiyar gidan a buɗe yara suna wasa a bakinta, na ji harshena yana neman yin nauyin nan da na sani. Kika lura. Kika ce: «Faɗa mishi. Tuwona kika ci, ba nashi ba.» Na faɗa wa Malam Sahabi, kafin la'asar an yi wa rijiya murfi.

Sai mata suka fara zuwa. Matar Malam Sahabi ce ta fara, da 'yarta a goye, sai maƙwabta, sai na wata unguwa. Kowace ta ce wa mijinta za ta gidan Inna Kulu, babu mijin da ya ga abin hanawa a cikin wannan. Tabarmina suka kasa, aka aro na masallacin gida. Sukan leƙa ɗakin ɗaya bayan ɗaya, su taɓa teburin nan mai naɗewa, su tambaye ni ko da gaske a kan hanya yake tafiya da gadon a ciki. Ke kuwa kina zaune a matakinsa kina tsinkar zogale, kina cewa ba karatu kika zo ba, gadin baƙuwarki kike yi, amma duk wadda ta yi surutu sandarki ce take fara isa gare ta kafin muryata.

Da jami'ar ofis ta zo dubawa gab da faɗuwar ruwa, ta rasa inda za ta sa ƙafa a tsakar gidanki. Wata matashiya ta tashi ta karanta mata abin da ke allo, ba ta yi kuskure ba. Jami'ar ta karɓi furar da kika miƙa mata ta shanye. Ba a rufe aikin ba, Inna. An ƙara mini garuruwa, daga baya aka ƙara malamai. Kuma duk garin da na nufa bayan naku, kafin in tayar da mota nakan aika a tambayo mini tsohuwar da za ta yarda a buɗe darninta. Ban taɓa rasa ta ba. Kowane gari da irinki, ko da yake babu wadda ta kai ki baki.

Ranar da zan tafi, hadari ya haɗu a gabas, dole in fita kafin hanya ta yanke. Aka kwance darni, na ɗaura ƙugiya, na ja ɗakin waje. Samari suka ɗauko dirkoki za su kafe wurin kamar da. Kika hana. Kika sa aka yi masa ƙyaure na zana mai buɗewa, kika ce: «A bar shi hakanan. Mai ɗakin na dawowa.» Ba ki yi mini rakiya ba, ba ki ce sai wata rana ba, kika juya kika shiga ɗakinki. Ni ma ban waiwaya ba sai a madubi.

Na dawo kuwa, rani bayan rani, har shekarar da na iso na tarar da ƙyauren a buɗe, Malam Sahabi yana tsaye a bakinsa shi kaɗai. Ya ce ke kika bar wasiyya kada a rufe.

Ni da ke ba mu taɓa yi wa juna godiya ba, ba halinmu ba ne. Amma ina so ki sani, Innata, jikokin matan nan da suka zauna a tsakar gidanki yau su ne suke koyarwa, su ne suke karɓar haihuwa a asibiti, wasunsu kuma da motarsu suke zuwa gaishe ni. Idan na dube su ba na jin tsoron abin da ke gaba. Kin ga mace mai taurin kai a gindin tsamiya, ba ki nemi ki lanƙwasa ta ba, sai kika faɗaɗa gidanki har ya ci ta yadda take. Mahaifiyata ta haife ni, makaranta ta ba ni ilimi, amma a wurinki na ga yadda ake karɓar mutum.

Ya Allah, ga baiwarka Kulu, baƙuwarka ce yau. Ka yalwata mata kabarinta kamar yadda ta yalwata mini gidanta. Ka haskaka shi, Ka sanyaya shi, Ka gafarta mata abin da ta sani da wanda ba ta sani ba. Ka jiƙan ɗanta Malam Sahabi da maigidana da iyayenmu baki ɗaya. Ka yi wa zuriyarta albarka, Ka tsare matan Kebbe da 'ya'yansu. Idan tawa ta zo, Ka sa in cika da imani, Ka saukar da ni kusa da ita. Amin.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Malama Hassatu,
Tambuwal.